Murfin kwalba: abin da mai shagon lemo da mai shirya biki ya kamata su sani

A watan jiya muna wajen walimar ɗaurin auren ɗan maƙwabcinmu a Agege, an ci shinkafa an ƙoshi, sai aka fara raba ruwan inabin nan marar barasa mai tartsatsi, wanda jama'a ke kira wayin. Wani matashi cikin abokan ango ya ɗauko kwalba ɗaya da ta wuni a bayan mota cikin rana, ya girgiza ta don burgewa, ya kwance wayar da ke bakinta. Kafin ya gyara riƙo sai muka ji fau! Matoshin ya tashi ya bugi wani dattijo a saman gira, har wurin ya tsage. Allah ne ya kiyaye, da ya sauko ƙasa da ɗan yatsa ɗaya da yanzu maganar asibitin ido ake yi.

Tun ranar nake son in yi rubutu a kan murfin kwalba. Na yi shekaru ina taya yayana zaman shagon lemo da ruwa, na ɗauki kiret har bayana ya san da zamansa, amma sai daga baya na gane cewa yawancin asarar da muke yi, lemon da ya salance, kwalbar da ta yoye a katan, kayan jabu da aka cusa mana, duk daga bakin kwalba suke farawa.

Bari in faɗi wani abu tun da wuri. Mafi yawan tarihin murfin kwalba ya fito ne daga masu giyar inabi na Turai, domin su ne suka fi kowa damuwa da ajiye abin sha a kwalba shekara da shekaru ba tare da ya lalace ba. Mu ba ruwanmu da abin da ke cikin kwalbarsu. Amma murafun da suka ƙirƙiro su ne dai a kan lemo, da man zaitun, da maganin tari, da wayin ɗin bikin da muke saye katan-katan a Oke-Arin, don haka ba yadda za a yi bayaninsu ba a ambaci giyar ba.

Aikin murfi ya wuce hana abu zubewa. Yana riƙe iskar gas ɗin da ke sa lemo tartsatsi, yana tare iskar waje, wadda ita ce ke dusar da launi da ɗanɗano kamar yadda yankakken dankali ke baƙi idan aka bar shi a buɗe. A zamaninmu kuma an ƙara masa aikin shaida: ya nuna ko wani ya riga ka buɗewa.

Matoshin ɓawon itace

Wannan shi ne dattijon cikinsu. Turawa na kiransa kok, kuma ba shi da alaƙa da Coke ɗin da muke sha, sunan ne kawai ya yi kama a kunne. Ɓawon wata bishiya ce da ke fitowa a yammacin tekun Bahar Rum: Fotugal, Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, da wasu sassan Italiya da Faransa. Fotugal kaɗai na samar da kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi, mafi yawa daga yankin Alentejo da ke kudancin ƙasar. Kamfani mafi girma a harkar, Amorim, can yake, tun 1870.

Ba a sare bishiyar. Ɓawon ake ɗaye mata da gatari, da hannu, a lokacin zafi tsakanin Mayu da Agusta, lokacin da yake sakin jiki ya rabu da gangar ba tare da an ji mata ciwo ba. Sai dai sana'a ce ta masu haƙuri. Sai bishiya ta kai kimanin shekara 25 ake mata ɗayar farko, kuma wannan ɓawon na farko mai kaushi ne, ba ya matoshi, sai dai a niƙa shi a yi daɓen ƙasa ko abin tare zafi. Dokar Fotugal ta hana a sake taɓa ta sai bayan shekara 9. Ɗaya ta biyu ma ba ta gama kyau ba. Sai ta uku, bishiya ta haura shekara 40, sannan ake samun ɓawon da za a huda a fitar da matoshi mai daraja. Wato wanda ya shuka da wuya ya ci moriyarta, jikokinsa yake wa aiki. Bishiyar kan rayu wajen shekara 200. Da an gama ɗaye ta sai a rubuta lambar ƙarshe ta shekarar a jikinta da farin fenti, don kowa ya san lokacin da za a dawo.

Bayan an ɗaye, ana jibge ɓawon a fili kamar wata shida, ruwa ya dake shi rana ta dake shi, sannan a dafa shi cikin tafasasshen ruwa kamar awa guda don ya yi laushi ya miƙe, a yanka, a huda.

Me ya sa wannan ɓawon, ba wani itace ba? Domin cikinsa cike yake da ƙananan ɗakuna masu iska, wajen miliyan 40 a ɗan guntun da bai wuce santimita ɗaya ta kowane gefe ba, kuma bangon ɗakunan na da wani sinadari mai kama da kakin zuma da ba ya barin ruwa ya ratsa. Waɗannan ɗakunan ne masanin Ingila Robert Hooke ya hango da madubin ƙara girma, ya wallafa a 1665, daga nan ne aka samo sunan da ake kiran ƙwayoyin halitta da shi a kimiyya har yau. Idan ka matse matoshin sai ya tsuke, ka sake shi ya dawo. Shi ya sa ake yanka shi da faɗin milimita 24, alhali bakin kwalbar bai wuce 18 da rabi ba. Inji ne ke matse shi ya tura ciki, shi kuma ya buɗe ya kama gilashin ta ko'ina.

Kafin haka mutanen da, irin su Girkawa da Rumawa, a tulunan yumɓu suke ajiya, su liƙe baki da laka ko ƙaro, wani lokaci da wannan ɓawon. Daga baya aka daɗe ana toshe kwalba da guntun itace da aka naɗe da tsumma mai mai. Sai a ƙarni na 17, da Ingila ta fara narka gilashi da wutar kwal, aka samu kwalba mai ƙarfin da za a dunƙuma mata matoshi ba ta fashe ba. Abin murɗa matoshin a fito da shi kuwa, wani limamin coci mai suna Samuel Henshall ne ya fara yi masa rajista a 1795.

Ga abin da ya shafi mai shago: matoshin ɓawo ba ya son bushewa, ba ya son zafi. Idan kwalbar da ba ta da gas ta daɗe a tsaye, matoshin kan bushe ya tsuke, iska ta samu hanya, shi ya sa ake kwantar da irinsu. Idan kuma ta sha rana, abin da ke ciki ya kumbura ya turo matoshin waje. Duk kwalbar da ka ga matoshinta ya ɗago sama da baki, ko ka ji danƙo-danƙo a wuyanta, ta sha zafi a hanya ko a sito. Kada ka karɓa.

Warin da ya kusa kashe kasuwar

Matoshin ɓawo yana da wata cuta. Wani lokaci sai a buɗe kwalba a ji tana warin jiƙaƙƙen kwali, irin warin ɗakin da ruwa ya kwana a ciki, wanda mu mazauna Ikko ba sai an yi mana bayani ba. Shekaru ana ta zargin wannan da wancan, sai a farkon shekarun 1980 wani mai bincike a Siwizalan, Hans Tanner, ya gano sinadarin, ana taƙaita sunansa da TCA. Yana samuwa ne idan funfuna ta haɗu da wasu sinadarai masu kulorin, kuma a da har da kulorin ake wanke matosan don su yi fari, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba guba ba ne a adadin da ake samunsa, amma hancin ɗan Adam na jinsa ko da ƙanƙantarsa ta kai a ce ɗigo kaɗan cikin babban tafki.

Masu sana'ar a Ostireliya da Niyu Zilan, waɗanda suke ganin ana turo musu ragowar matosan da Turai ta tsince ta bari, su ne suka fara yin bore. Dama wani kamfanin Faransa ya daɗe da ƙera murfin alminiyam mai murɗawa da ake kira Stelvin, an gwada shi a Ostireliya a shekarun 1970, masu saye suka ƙi shi, suna ganin murfin kayan araha ne. A shekarar 2000 wasu masu sana'ar a kwarin Clare suka haɗa kai suka koma masa gaba ɗaya, a 2001 na Niyu Zilan suka bi sahu. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na kwalaben Niyu Zilan da shi ake rufe su. Su ma na Fotugal da suka ga kasuwa na zamewa sai suka farka: suka daina wanki da kulorin, suka shigo da turara ɓawon da tururi, da injinan da ke shinshina matoshi ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma matoshin da ake yi da niƙaƙƙen ɓawo a manne shi, da na roba zalla da aka yi wa launin itace.

Ni dai a ganina, ga abin da za a sha cikin wata shida ko shekara, murfi mai murɗawa ya fi. Ba ya buƙatar mabuɗi, ana iya mayar da shi, ba ruwansa da tsayuwa ko kwanciya. Matoshin ɓawo a kan kwalbar biki yawanci ado ne da son jin ƙara.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne murfin alminiyam ɗin nan sumul yake zuwa masana'anta, ba zare a jikinsa. Sai an kifa shi a kan kwalba sannan wasu ƙananan tayoyin inji su zagaya su danna shi, ya ɗauki siffar zaren da ke jikin gilashin. Kuma ba alminiyam ɗin ne ke rufewa ba, ɗan faifan da ke can ciki ne, mai shimfiɗar roba, wani da siririn dalma a tsakiya. Saboda haka idan katan ya faɗo murfi ya lotse a gefen sama, ko da ba ka ga yoyo ba, mai yiwuwa iska ta samu ƙofa.

Murfin kwano mai haƙora

Wannan kowa ya san shi, shi ne a kan kwalbar lemo ta gilashi, wanda muka yi wasan ƙwallo da shi a ƙasa muna yara, muka kuma ɓanɓare cikinsa muna neman kyautar gasa. Wani Ba'amurke mai suna William Painter ya yi masa rajista a birnin Baltimo a 1892. Kafin shi masu lemo sun sha wahala, gas na ture matoshi. A Ingila har wani Hiram Codd ya ƙera kwalba a 1872 mai ƙwallon gilashi a wuya, gas ɗin ne ke danna ƙwallon sama ya rufe bakin, kuma har yanzu ana sayar da lemo a irinta a Japan da Indiya. Dabarar Painter ita ce murfi mai arha da za a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Na farko haƙora 24 gare shi, da ɗan faifan ɓawon itace a ciki. Na yanzu 21 ne, da roba a ciki. In ba ka yarda ba ɗauko ɗaya ka ƙirga.

Ba abin da ya kai shi riƙe gas idan dai lafiyarsa ƙalau. Matsalarsa tsatsa. Masu jiƙa lemo a durom ɗin ƙanƙara kwana da kwanaki sun san jan zoben da ke fitowa a bakin kwalba. A goge baki kafin a kafa kai. Masu buɗewa da haƙori kuma, na san mutum biyu da suka bar guntun turmi a wajen.

Mai waya a kai

Mu dawo kan abin da ya faru a Agege. Kwalbar da aka ɗaure matoshinta da waya, ba don kwalliya aka ɗaure ba. Irin wannan rufin daga yankin Shamfen na Faransa ya fito, inda ƙarfin gas ɗin cikin kwalba ke kai ninki 5 zuwa 6 na nauyin iskar da muke shaƙa, wato ya ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau biyu. Da igiya ake ɗaurewa a da, sai a 1844 wani Adolphe Jacquesson ya yi rajistar ɗan faifan ƙarfe da ɗaurin waya. Matoshin nan da kake gani kamar naman kaza, miƙaƙƙe ne tun asali, faɗinsa wajen milimita 31, matsin wuyan kwalba ne ya ba shi wannan siffar. Ruwan inabin bikinmu bai cika kai wancan ƙarfin gas ba, amma zafi da girgiza na ƙara masa sosai, kuma matoshin da ya kuɓuce kan yi gudun da ya wuce kilomita 40 a awa. Daga hannu zuwa fuska, ido ba ya samun damar ƙiftawa. Likitocin ido a ƙasashen da ake yawan buɗe irin wannan kwalba duk ƙarshen shekara sai sun yi gargaɗi.

Yadda ake yi ba wuya. Kwalbar ta yi sanyi sosai tukuna, sanyi na kwantar da gas. Kada a girgiza. Ka ɗora babban yatsa a kan matoshin tun kafin ka taɓa wayar, kuma kada ka ɗaga shi. Wayar rabin juyi shida take kwancewa. Ka karkata kwalbar, bakinta na kallon inda ba kowa, ba sama wajen fitila ko fanka ba. Sannan ka riƙe matoshin gam, kwalbar za ka juya daga gindi a hankali, har ka ji ya saki da ɗan huci. In da tawul ka rufa a kai ya fi. Kuma don Allah a daina miƙa wa yara su buɗe.

Tunda muna kan wayin ɗin biki, a riƙa duba takardar jiki. Akwai wanda ruwan inabi ne zalla da aka sa wa gas, bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda giya ce aka cire mata barasa, irin wannan a ƙasashe da yawa doka ta yarda ya rage har 0.5%. Kwalba iri ɗaya, waya iri ɗaya, kuma a shaguna da yawa a nan Kudu jere ɗaya ake ajiye su da mai barasar gaba ɗaya. Murfi ba zai gaya maka ba, sai ka karanta. Wanda ba barasa kuma da an buɗe shi ba ya jimawa, domin sukari ne cike ba abin da ke tsare shi. A sa a firij, a shanye cikin kwana biyu zuwa uku.

Gorar roba da zobenta

Murfin gorar ruwa da lemo na roba yana da zobe a ƙasa, haɗe da ƙananan ƙafafu da ke tsinkewa idan ka murɗa, ka ji ƙaras. Irin wannan shaida ta zama dole a kan magunguna a Amurka bayan abin da ya faru a Shikago a 1982, inda wani ya zuba guba a kwalaben maganin ciwon kai na Tylenol ya mayar kan kanta, mutum 7 suka mutu. Daga nan masana'antun abinci da abin sha suka ƙara ɗaukar abin da muhimmanci. A Tarayyar Turai kuma tun Yulin 2024 dole murfin ya zauna maƙale da gorar bayan an buɗe, don rage shara, in ka ga irinsa a kayan da aka shigo da su ba lalacewa ya yi ba.

A nan gida zoben nan shi ne abin dubawa na farko. A ƙarshen 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, ta rufe shaguna masu yawa inda ake haɗa lemo da giya na jabu a ɗura a tsofaffin kwalabe. Masu wannan aiki kwalbar gaske suke saye daga hannun 'yan bola, takarda ma suna bugawa, amma rufin ne ya fi ba su wahala don ba su da injin kamfani. Mu ma an taɓa sauke mana katan goma a farashin da ya kamata ya sa mu yi tunani, ba mu yi ba. Da muka duba daga baya, wasu murafun na juyawa tare da zobensu ba su tsinke ba, wasu an ɗiga musu gam, na kwano kuma haƙoransu ba su kwanta daidai ba, wani ya shige wani ya buɗe. Ka jera kwalba biyar ka dubi inda ruwan ya tsaya a wuya: na kamfani layi ɗaya suke, na jabu wani sama wani ƙasa. Mun zubar da su, kuɗin kuma har yau.

Gorar roba ba ta riƙe gas kamar gilashi, a hankali yake sulalewa ta jikinta, rana kuma na hanzarta shi. Shi ya sa wa'adin lemon roba ya fi na kwalba gajarta. Mai shagon da ke jera fakiti a bakin titi tun safe har la'asar don a gani, shi ne kwastoma zai dawo wa yana cewa lemonsa ya salance. A fitar da kaɗan, sauran su zauna a inuwa, kuma wanda ya fara shigowa shi zai fara fita.

Sai iyayenmu da 'yan'uwanmu mata masu zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi, daga Idi-Araba har Sabo ta Badun da Shagamu, waɗanda yawancinsu a gorar da aka riga aka sha suke ɗurawa. Murfin da aka taɓa buɗewa zobensa ya tafi, kuma zaren cikinsa na ɓoye datti. A wanke murfin daban da sabulu da ɗan buroshi, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, ya bushe. Kada a zuba tafasasshen ruwa a gorar, za ta motse. Wadda ke da hali ta sayi sababbin gorori da murafunsu a kasuwa, ana sayar da su a buhu, sabon murfi na kamawa da zobensa, mai saye ya ji ƙaras ɗin nan ya samu natsuwa. A bar ɗan fili a wuya kamar yatsa biyu, musamman in za a daskarar, domin ruwa na kumbura idan ya zama ƙanƙara. In kuma an ɗauke wuta gora ta kwana a zafi, da safe aka ga ta yi tauri kamar dutse ko gindinta ya turo, ko ta yi tsiii da aka murɗa, to yis ya fara cin sukarin yana fitar da gas, kuma tare da gas ɗin barasa yake fitarwa. Kunun aya ya fi kowanne saurin yin haka, wani lokaci wuni ɗaya ya ishe shi. Irin wannan gorar a sassauta murfin a hankali, nesa da fuska, a zubar.